Zauren Iyali: Waziri da Alƙali a Ƙasar Sifen

A wannan wata za mu yi 'yar tafiya zuwa ƙasar Sifen, wadda Littafi Mai Tsarki yake kira Asbaniya, inda Manzo Bulus ya yi niyyar zuwa da bishara, kamar yadda ya faɗa a Romawa sura 15. Abin da zai kai mu can kuwa shi ne wasu sunaye biyu, gama akwai darasi a cikinsu domin gidajenmu.

Samarinmu na Kafin Hausa da Bulangu da Dutse, masu bin ƙwallon Sifen a gidajen kallo, sun san wani mutum da ake kira Imanol Alguacil. Shi ne ya horar da ƙungiyar Real Sociedad daga ƙarshen 2018 zuwa 2025, ya kuma ci mata Kofin Sarki a wasan ƙarshe da aka buga a 2021. Sunan nan nasa na biyu, wanda ake furtawa kamar Algwasil, yana da nauyi a bakin Bahaushe. Amma ashe ɗan gida ne. Asalinsa kalmar Larabci ce, al-wazir, wato wazirin nan namu. Yana kuma da ɗan'uwa, Alcalde, wanda ake furtawa Alkalde. Shi kuma daga al-ƙadi ya fito, wato alƙali. Wani mai wannan suna, Hermilio Alcalde del Río, shi ne ya gano zane-zanen mutanen dā a cikin kogon El Castillo, a arewacin Sifen, a 1903.

To, yaya aka yi waziri da alƙali suka sami wurin zama a ƙasar Turawa? A shekara ta 711 Ɗariƙu ɗan Ziyad ya haye teku daga Maroko da rundunarsa, ya sauka a gindin dutsen da har yau yake ɗauke da sunansa, wato Jabal Ɗariƙ, wanda Turawa suka mayar Jibralta. Daga nan Musulmi suka mallaki yawancin ƙasar, suka kira ta Andalus. Sarakunan Kirista na arewa suka yi ta karɓar birane da kaɗan kaɗan: Toledo a 1085, Kordoba a 1236, Sebiya a 1248, sa'an nan Garanada a 1492. Kusan shekara ɗari takwas ke nan Musulmi da Kirista da Yahudawa suna zaune a ƙasa ɗaya, wani lokaci da yaƙi, wani lokaci da ciniki da maƙwabtaka. Masana sun ce kalmomi wajen dubu huɗu na harshen Sifen, har da sunayen wurare, daga Larabci aka aro su.

Sa'ad da sarakunan Kirista suka ci biranen nan, sun tarar da tsarin shari'a a tsaye, sai suka riƙe sunayen muƙamai. Mai yanke shari'a a gari ya zama alcalde. Da tafiya ta yi nisa aikinsa ya koma na shugabancin gari, har yau kuwa haka ake kiran magajin gari a Sifen da yawancin ƙasashen Amurka ta Kudu masu jin harshen. Waziri kuwa ƙasa ya yi ta yi. Da fari babban mai mulki ne, daga baya sunan ya sauko kan ma'aikacin kotu mai kai sammaci da kama mai laifi, kamar dogari ko ɗan doka a wurinmu. A Sakkwato kuwa kalmar ba ta sauka ba. Tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har zuwa Waziri Junaidu wanda ya rasu a 1997, waziri shi ne na kusa da Sarkin Musulmi. Kalma ɗaya ce, a can ta zama dogari, a nan tana zaune kusa da gadon sarauta.

Akwai wani abin sha'awa a yadda harsunan biyu suka furta al-ƙadi. Harafin Larabci na tsakiyar kalmar, wanda almajiranmu suke kira lodi, Bahaushe yakan mayar da shi "l". Shi ya sa muke cewa alƙali, da alwala, da farilla, da lamiri, da layya. Mutanen Sifen ma sun ji wannan "l" a bakin Larabawan Andalus, sai suka rubuta alcalde. Nesa ta raba mu da su, ga hamada ga teku, amma kunnenmu da nasu sun ji abu ɗaya.

Mu kuwa ta hanyar fatake da malamai kalmar ta zo mana. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, aka sa ɗayansu liman, ɗaya ladan, ɗaya alƙali. A zamanin Muhammadu Rumfa, wajen lokacin da Garanada ta faɗi, Shaihu Magili ya zo Kano daga arewacin Afirka ya rubuta wa sarki shawarwari a kan mulki da shari'a. Mutanen Andalus ɗin ma sun iso Afirka ta Yamma da ƙafarsu. Wani mawaƙi ɗan Garanada, Abu Ishaƙ as-Sahili, ya biyo Mansa Musa daga aikin hajjin 1324, ya zauna a Mali, ya rasu a Timbuktu a 1346. Judar Fasha kuma, wanda ya jagoranci sojojin Maroko suka karya daular Songhai a Tondibi a 1591, a kudancin Sifen aka haife shi.

Yaya sunan aiki ya zama sunan gida? Kamar yadda ya faru a nan ne. Mutum ya daɗe yana alƙalanci, sai a riƙa ce wa 'ya'yansa 'ya'yan alƙali, jikoki su gāda ko ba su taɓa zama a kotu ba. Sunayen gida a Sifen sun fi fitowa ta hanya uku. Akwai na uba, masu ƙarewa da "ez", wanda yake daidai da "ɗan" namu: Fernández ɗan Fernando ne, Martínez ɗan Martín. Akwai na gari, kamar Toledo da Soria. Akwai na sana'a: Herrero maƙeri ne, Pastor makiyayi, Zapatero baduku mai ɗinka takalma, ko da yake wani Zapatero ya yi firayim minista daga 2004 zuwa 2011. Ku duba namu. Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa sunan gari suka ɗauka, bisa ga al'adar makarantun boko na farko. A nan Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, gwamnan farar hula na farko Ali Sa'ad Birnin Kudu ne, sunan gari. Bayansa Saminu Turaki da Sule Lamido, sunayen sarauta. Umar Namadi, ɗan Kafin Hausa da ya hau kujera a 2023, sunan mahaifi yake ɗauke da shi. Alƙali ma sunan gida ne a wurinmu, kamar na marubuciya Zaynab Alkali.

Game da yawan masu sunan, hukumar ƙididdiga ta Sifen tana fitar da jerin sunayen gida. García ne kan gaba, da mutum fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu, wato wajen mutum uku cikin kowane ɗari. Alcalde da Alguacil ba su ma shiga cikin ɗari na farko ba. Dalili kuwa a fili yake: kowane gari yana da Fernando da Martín barkatai, amma alƙalai da dogarai ƙalilan ne. Ana kuma samun gidajen Alcalde a Peru da Chile, inda mutanen Sifen suka kai sunan bayan sun haye teku. Sai dai a lura, ɗaukar sunan ba shaida ba ce cewa mutum jinin Larabawa ne. Kalmar ce ta Larabci, amma Kiristoci ne suka riƙe muƙamin ɗaruruwan shekaru.

Yanzu mun zo wurin da ya fi zafi, kuma bai kamata mu Kirista mu ɓoye shi ba. Bayan faɗuwar Garanada, babban bishop na farko a birnin, Hernando de Talavera, ya bi hanyar lallashi, ya sa firistoci su koyi Larabci domin su yi wa mutane magana da harshen da suke ji. Amma aka ga kamar yana jinkiri. Kadinal Cisneros ya zo a 1499 da baftisma ta dole. An riga an kori Yahudawa a 1492, a 1502 kuma aka ce wa Musulmin Kastila ko su karɓi baftisma ko su bar ƙasa. A 1567 Sarki Filibus na Biyu ya sa aka shelanta dokar da ta hana jikokinsu harshen Larabci, da tufafinsu, da sunayensu na gado. Tawaye ya tashi a duwatsun Alfuharas daga 1568 zuwa 1571, aka zubar da jini mai yawa. A ƙarshe, tsakanin 1609 da 1614, aka kori mutum wajen dubu ɗari uku daga ƙasar da aka haifi kakanninsu, alhali kuwa suna ɗauke da sunayen Kirista da aka ɗora musu. A zamanin nan kuma akan binciki asalin mutum har kakanni kafin a ba shi wani muƙami, ko a cikin ikkilisiya, wai don a tabbata ba shi da jinin Bayahude ko na Musulmi. Duk wannan ana yi, wanda yake zartar da dokar a gari sunan muƙaminsa na Larabci ne.

Abin da aka yi ɗin nan bai sami gindi a cikin Sabon Alkawari ba. Afolos da Fibi da Diyonisiyas sun shigo ikkilisiya da sunayen da suke da alaƙa da allolin Helenawa, manzanni kuwa ba su ce su sake ba. Daniyel an laƙaba masa sunan Babila, zuciyarsa ba ta bar Allahnsa ba. Sake suna ba ya sake zuciya, tilas kuma ba ta haifar da bangaskiya. Mu da muke 'yan kaɗan a Jigawa mun san zafin a duba sunan mutum a takarda kafin a dubi aikinsa. Kada mu yi wa wani abin da ba mu so a yi mana, a ikkilisiya ko a wajen aure. Wanda ya zo da sunan Nomau ko Tanko ko Bawa, ko Muhammadu ko Jauro, ɗan'uwa ne cikakke. Galatiyawa sura 3 ta rufe ƙofar wannan bambanci. Kada kuma yaranmu su ji kunyar Ladi da Talatu da Ɗanjuma, su ga sai sunan Turawa ne na Kirista. Sunayen nan suna faɗar ranar da Allah ya ba da yaro, ba abin ƙi a cikinsu.

Akwai kuma abin koyi mai amfani daga mutanen Sifen. Kowane yaro a can sunan gida biyu yake ɗauka, na uba da na uwa, mace kuma ba ta barin sunan gidansu in ta yi aure. Tun 1999 doka ta yarda iyaye su sa na uwa a gaba in sun so. Saboda Majalisar Trento ta umarta a 1563 a riƙa rubuta baftisma da aure a littafin kowace ikkilisiya, iyalai da yawa suna iya bin asalinsu har shekara ɗari huɗu. Mu fa? Yaro ɗaya sai ka ga a firamare an rubuta shi da sunan uba, a sakandare da sunan gari, a banki da sunan kaka. Tun 2021 ba a rubuta jarrabawar JAMB sai da lambar NIN, sunan da ya saɓa kuwa yakan jawo zirga-zirga zuwa Dutse, da rantsuwa a kotu, da kashe kuɗi, wani lokaci har yaro ya rasa shekara guda.

Saboda haka ga shawararmu ga iyaye. Ku zauna ku tsai da suna ɗaya da rubutu ɗaya tun ranar suna. Ku karɓi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun yaro yana jariri. Dattawan ikkilisiya su kula da littafin baftisma da na aure, su ajiye shi inda gara da ruwa ba za su taɓa ba. A sami wani yaro mai hannun rubutu ya zauna da tsofaffin gida, ya rubuta sunayen kakanni, na wajen uba da na wajen uwa, da garuruwan da suka fito, tun masu sani suna da rai.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Wanda ya gāji sunan Alƙali ko Waziri ko Turaki, ya karanta Maimaitawar Shari'a sura 16, ya ga abin da Allah yake nema daga mai riƙon shari'a game da son kai da cin hanci. Wanda kuma kakansa manomi ne ko maƙeri, bai rasa kome ba, gama Karin Magana sura 22 ta fifita sunan kirki a kan dukiya, wannan kuwa kowa da halinsa yake samunsa. Mu duka kuma muna ɗauke da wani suna da aka fara kiran masu bi da shi a Antakiya, maƙwabtanmu kuwa suna auna shi da yadda muke awo a kasuwa da yadda muke biyan bashi.

Ubangiji ya taimake mu mu riƙe shi da kyau. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.