Gani Ya Kori Ji? Tsakanin Idonmu da Jinjirin Wata Akwai Iska

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Tun da na fara koyon Hausa nake ƙaunar wannan karin magana, domin gajere ne, kuma yana kashe gardama nan take. To amma akwai yammaci biyu a shekara da nake ganin ya kamata a yi hattara da shi, wato yammacin 29 ga Sha'aban da na 29 ga Ramalan, lokacin da jama'a ke fita duban wata. Washegari sai ka iske gari ya rabu. Wasu na cewa an gani, wasu na cewa ƙarya ne, har a kai ga maƙwabci yana cin tuwon Salla, na kusa da shi yana ɗauke da azumi. A nawa ra'ayin, mafi yawan masu wannan cacar baki sun manta da abu guda: ido ba ya ganin sama kai tsaye. Tsakaninsa da wata akwai iskar da ta lulluɓe duniya, kuma ita wannan iska ba ta barin haske ya wuce yadda ya zo.

Mai karatu, ɗauki kofin gilashi, zuba ruwa, ka tsoma cokali. Za ka ga kamar cokalin ya karye. Ba abin da ya same shi, haske ne ya lanƙwashe yayin da ya fito daga ruwa ya shiga iska. Haka hasken rana da na wata ke lanƙwashewa idan ya baro sararin samaniya ya shigo iskar duniya, wadda ke ƙara kauri gwargwadon kusancinta da ƙasa. Idan abu yana tsakiyar sama lanƙwasar ba ta taka kara ta karya ba. Amma can inda sama ta haɗu da ƙasa tana kai fiye da rabin digiri kaɗan, alhali faɗin rana kanta a idonmu kusan rabin digiri ne. Ma'ana, a lokacin da ka ga gindin rana ya taɓa ƙasa, ranar gaba ɗayanta ta riga ta faɗi, iska ce ta ɗago maka hotonta. A ƙasashe irin namu da ke kusa da tsakiyar duniya, wannan yana ƙara wa yini kamar minti biyu da yamma. Shi ya sa kuma rana ke yin kamar an danne ta gab da faɗuwa, domin an fi ɗaga ƙasanta fiye da samanta. Duk wanda ya taɓa ganin kawalwalniya a kan kwalta da tsakar rana ya san aikin wannan lanƙwasa. Idonsa ya ga ruwa sarai, kuma babu ruwan.

Matsalar jinjirin wata ita ce a daidai wannan wuri mai rikici yake fitowa. Ba ya tsayawa a tsakiyar sama. Yana can ƙasa a yamma, kusa da inda rana ta faɗi, kuma ba ya daɗewa sai ya bi ta. Hasken abin da ke gindin sama yana ratsa iskar da ta ninka ta tsakiyar sama kusan sau 38. Ko da watan ya yi sama da digiri 10, iskar da haskensa zai keta ta fi ninki biyar. A kan hanyar kuwa iska tana warwatsa haske. Tun 1871 wani Bature ɗan Ingila, wanda daga baya aka san shi da Lord Rayleigh, ya bayyana cewa ƙananan ƙwayoyi sun fi warwatsa shuɗin haske fiye da ja, har ninki biyar ko fiye. Dalilin shuɗin sama da rana ke nan, kuma dalilin jan shafaƙi da almuru. Sai ga ɗan siririn wata, wanda iska ta riga ta rage masa ƙarfi, ana nemansa a cikin saman da har yanzu ba ta gama yin duhu ba.

Saboda haka akwai iyakar da ido ba ya tsallakewa. Wani masanin taurari Bafaranshe, André Danjon, ya lura tun 1932 cewa idan tazarar wata da rana ba ta kai kamar digiri 7 ba, ba a ganin jinjirin. Mafi ƙanƙantar watan da masana suka amince an gani da ido ƙuru-ƙuru shi ne na 1990, yana da sa'a 15 da minti 32 da haihuwa, kuma mai ganin ƙwararre ne a kallon sama. Idan lissafi ya nuna wata bai wuce sa'a shida da haihuwa ba, ko kuma ya riga rana faɗuwa, wani ya zo ya ce ya gan shi, to me ya gani? Ba lallai ne maƙaryaci ba ne. Akwai siririn gajimare da rana ke haskawa daga ƙasa, akwai farin layin da jirgin sama ke bari, akwai kuma Zara, wadda a madubin hangen nesa ita ma takan fito kamar lauje. Wasu masana biyu a Amurka, Doggett da Schaefer, sun tattara rahotannin masu duban wata, suka wallafa a 1994 cewa kimanin kashi 15 cikin 100 kan ce sun gani a inda ganin ba zai yiwu ba. Mutane ne masu gaskiya, ido ne ya ba su abin da zuciya ke nema.

Sai dai ina da magana da 'yan'uwana na nan Kudu, masu cewa tun da ba mu gani ba a Legas ko Fatakwal, to duk wanda ya ce ya gani a wani ƙauyen Sakkwato ko Borno ƙirƙira ya yi. Wannan ma rashin sanin iska ne. Mu muna bakin teku, iskarmu cike take da laima da gajimare, ga hayaƙin janareto da na motoci, ga fitilun birni da haskensu ke warwatsuwa a sama har taurari su dushe. Yara nawa ne a cikin birnin Legas suka taɓa ganin Kaza da 'Ya'yanta? Ni a aji na fara jin sunan kafin in san inda take a sama. Makiyayin da ke dajin Arewa, inda iska ta bushe kuma babu lantarki, yana iya ganin abin da ya gagari mai digiri uku a Ikeja. Rashin ganinmu ba hujja ba ne a kansa.

Abin da ya sa na ga maganar ta zama ta gaggawa shi ne hunturu. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kamar kwana 11, saboda haka azumi yana ja da baya kowace shekara. A 2025 an ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, kuma a 2030 Ramalan zai kama sau biyu, a Janairu da Disamba. Ke nan shekaru da dama masu zuwa za a riƙa neman watan azumi da na ƙaramar Salla a cikin hazo. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ƙwayoyinta manya ne, suna warwatsa kowane launi kusan daidai, shi ya sa sama ke komawa fari-fari kamar an shafa toka. Hazon da ke hana jirgi sauka a Kano, wanda ke dusashe rana kanta tun ba ta kai ƙasa ba, yaya zai bar siririn wata? A irin wannan lokaci fifikon da Arewa ke da shi yana raguwa, kuma shaidar da ta zo daga gari mai hazo ta fi buƙatar tambaya.

Na san abin da wasu za su ce: addini da gani ya yi umurni, bai ce a bi lissafin Nasara ba. Ban ce a daina duba ba, kuma hukunci ba nawa ba ne, na malamai ne da Mai Alfarma Sarkin Musulmi da kwamitin ganin wata na ƙasa. Amma alƙali ba ya karɓar shaida sai ya tantance ta. A tambayi mai gani: ƙarfe nawa ka gan shi, minti nawa bayan faɗuwar rana? Dama da inda ta faɗi yake ko hagu? Ina ƙahoninsa suka fuskanta? Bayan jinjiri kullum wajen rana yake kallo, domin daga can haskensa ke zuwa, saboda haka wanda ya kwatanta shi a juye ba wata ya gani ba. Kuma kiran ilimin nan na Nasara rashin sanin tarihi ne. Ibn al-Haisam ya rubuta Kitabul Manazir a Misira kusan shekara dubu da suka wuce, ya yi bayanin lanƙwasar haske. A ƙarni na 11 kuma Ibn Mu'az, alƙali a Andalus, ya yi amfani da lokacin ketowar alfijir ya ƙiyasta tsayin iskar da ke maido da haske, ya samu kimanin kilomita 80.

Masu binciken taurari sun daɗe da sanin cewa maganin iska shi ne a hau samanta. Shi ya sa suke kafa manyan madubansu a kan duwatsun Hawai da hamadar Atakama, har suka harba madubin Hubble sararin samaniya a 1990. Mu ba mu buƙatar ko ɗaya daga ciki. Muna da tsaunukan Jos da na Mambila, muna da cibiyar nazarin sararin samaniya a Nsukka. Me zai hana a tura masu duba da aka horar zuwa wurare masu tudu, da madubin hangen nesa da agogo, su rubuta abin da suka gani da yanayin sama a ranar?

Sauran aikin namu ne, mu ɗaliban Hausa. Mutumin da ke fita duban wata a Illela ko Gashuwa rediyon Hausa yake saurara, bayanin nan kuwa kusan duk a Turanci yake kwance. Harshen da ya raba hazo da gajimare, ya raɗa wa kawalwalniya suna, ya san Zara da Gamzaki, ba zai kasa ɗaukar bayanin lanƙwasar haske ba. Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu su haɗa kai da 'yan sashen kimiyyar fiziks, mu fitar da takarda mai shafi ɗaya da Hausa kafin Sha'aban mai zuwa, mai nuna lokacin haihuwar wata, da tsayinsa a sama bayan faɗuwar rana, da inda Zara za ta tsaya a wannan yammaci, a raba ta a masallatan Sabo.