Ragar da ba ta barin komai, ba ragar ƙwarai ba ce

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu sayar da kayan su a kasuwar Ƙonni ya san kirarin da ake yi wa raga: "Wannan ko ɗan yatsa ba ya tsere mata." Mai saye ya ji haka ya zaro kuɗi yana murna. An daɗe da yarda cewa ingancin kayan kamun kifi yana ga yawan abin da suka kwaso. Ni kuwa na ce wannan ra'ayi shi ke cinye tabkunanmu, kuma mai riƙe da shi bai bambanta da manomin da ya daka irinsa ya yi fura ba.

Abin da ya tayar mini da maganar, wani ɗan ƙanena ne a Bazaga ya miƙo mini salula yana cewa, "Baba, dubi su na gaskiya." Wasu masu hannu da shuni ne cikin jirgi a tekun Indiya suna farautar wani ƙaton kifi mai suna tirebali, wanda ke iya kaiwa kilo 80. Sandar fatsarsu ta haura mita 2, wata ma kuɗinta ya kai na bijimi. Sukan jefa kifin katako mai fantsama ruwa a sama, ƙaton ya taso ya cafke. Yaron ƙarfin sandar ya gani. Ni abin da ya biyo baya na gani: suka ɗaga kifin aka ɗauki hoto, suka zare ƙugiya, suka mayar da shi ruwa. Da yawansu ma sukan danne haƙorin ƙugiyar tun kafin jifa don ta fita ba tare da ta yaga bakinsa ba, kuma suna zaɓen sanda mai ƙarfi ne don a gama kokawar da wuri, kifin bai galabaita ba. Wato ko a can, kayan ƙwarai su ne waɗanda ke barin kifin gobe.

Wani zai ce ai waɗancan wasa suke, mu kuwa abinci muke nema. Gaskiya ne, ban ce masunci ya saki abincin iyalinsa ba. Amma ba sai mun je teku neman darasi ba. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, bikin da UNESCO ta sa cikin kayan gādon duniya a 2016, kifin da ya ci gasar 2020 kilo 78 ne. Da me aka kama shi? Da homa da gora, kayan kaka da kakanni. Sirrin yana ga kogin Matan Fada, wanda ake hana su a cikinsa har sai lokaci ya yi, Sarkin Ruwa na sa ido. Giwan ruwa ba ya zama giwa a wata uku. Haƙuri ne ya yi kilo 78, homa ɗauko shi kawai ta yi.

Mu dawo gida. Ruwan da muke da shi a jihar Tawa ƙidayayye ne: tabkin Tabalak da na Ɗan Dutsi, waɗanda aka sa cikin jerin dausayin Ramsar a 2005, sai madatsun Mozage da Zango a kan Maggiya masu shayar da gonakin Ƙonni, sai ƙananan tabkuna da ke ƙafewa kafin bazara. Waɗannan ba kogin Kwara ba ne da kifi zai gangaro daga wani wuri ya cike gurbi. Da yawansu ma zuba musu iri ake yi, karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa. A rufaffen ruwa irin wannan, abin da ka kwashe yau shi ne ba za ka samu baɗi ba.

To dubi abin da raga mai ƙananan idanu ke yi. Uwar karfasa a bakinta take renon ƙwai da 'ya'yanta. Ka kama ta a lokacin, ka kashe ɗaruruwa a jifa ɗaya. Ɗan giwan ruwan da bai wuce tafin hannu ba, ana zuba shi a tire a sayar da shi kuɗin ƙosai, alhali da an bar shi shekara biyu ko uku, shi kaɗai sai ya yi cefanen mako. Mafi muni shi ne gidan sauro. An raba shi kyauta don ya tsare yara daga zazzaɓin cizon sauro, sai a ɗinke shi a ja a ruwa. Ba ya barin ko ƙwai, ga maganin da ke jikinsa guba ne ga kifi. Yaro ya kwana sauro na cizo, tabki ya wayi gari fayau. An yi ba wan ba ƙanen.

Na san amsar da ake bayarwa, kuma ba ta banza ba ce: "In ban kama ba, wani zai kama." Talauci ba ya jiran kifi ya girma. Amma wannan hujja ce ta a yi doka a tsare ta tare, don mutum ɗaya ba ya iya kame hannunsa alhali maƙwabcinsa na jan gidan sauro. Nijar ta yi dokar kamun kifi a 1998, masunta kuma sun san awon idon raga da yatsu tun kafin a rubuta ta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai tsayawa a bakin ruwa ya ce a'a. Sai kuma masu cewa kifi na Allah ne, ba ya ƙarewa. Gero ma na Allah ne, amma ba mu taɓa ganin mai hankalin da ya buɗe rumbun iri da rani ya ce Allah zai kawo wani ba.

Don haka ina kira ga sarakunan ruwa, da magadan gari, da ma'aikatan gandun daji, su zauna da ƙungiyoyin masunta a tsayar da watannin rufe kowane tabki lokacin da kifi ke ƙwai, a tsayar da awon raga, a kuma bi shi har kasuwa, domin mai sayar da muguwar raga da mai sayen 'yan mitsi-mitsin kifi duk da hannunsu a ɓarnar. Kai kuma masunci, ranar da za ka sayi raga, zura yatsunka cikin idonta. In ɗan kifi ba zai iya wucewa ba, ajiye wa mai ita kayansa, ko da kyauta ya ba ka.