Shuɗiyar Tuta da Darasin Mar Menor

Wanda ya taɓa zuwa hutu gaɓar tekun Sifaniya ko Afirka ta Kudu, mai yiwuwa ya ga wata shuɗiyar tuta tana kaɗawa a bakin ruwa. Lambar yabo ce da ake kira Blue Flag, wadda aka fara bayarwa a Faransa a 1985, kuma gidauniyar FEE mai hedikwata a Denmark ke kula da ita. Kafin wurin shaƙatawa ya same ta, sai an riƙa gwada ruwansa a kai a kai, an tanadi masu ceto da bayan gida da kwandunan shara, an kuma wayar da kan baƙi game da muhalli. Na shekara guda ake bayar da ita, kuma ana iya sauke ta idan aka yi sake.

Amfaninta a fili yake. Ƙaramar hukumar da ke cin abinci da masu yawon buɗe ido tana tsoron ranar da jaridu za su ce an ƙwace mata tuta, wannan tsoro kuwa yakan sa a gyara magudanar ƙazanta da aka daɗe ana wa riƙon sakainar kashi.

Sai dai a ganina, ana ɗora wa tutar nauyin da ya fi ƙarfinta. Mu dubi Mar Menor, wani babban tafkin ruwan gishiri a yankin Murcia na Sifaniya. Shekara da shekaru tutoci na kaɗawa a gaɓarsa, yayin da takin zamani daga gonakin noman rani na Campo de Cartagena ke tsiyaya cikinsa. A 2016 gansakuka ta mamaye ruwan ya koma kore, mafi yawan ciyawar ƙarƙashinsa ta mutu. Sai a 2017 aka janye tutocin. A 2019 da 2021 kifaye suka yi ta mutuwa tuli-tuli saboda ƙarancin iskar shaƙa a ruwa.

Ruwa ba ya tsami banza. Gwajin da ake yi ya fi karkata ga ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bahaya, wato tambayarsa ita ce: shin mai wanka zai kamu da ciwo? Takin da ke kashe tafki a hankali daga gonaki yake tasowa, inda mai ba da tuta ba shi da ta cewa.

Abin da ya fara sauya al'amarin shi ne matsin lambar jama'a. Mutane sama da dubu 600 suka sa hannu, har majalisar Sifaniya ta yi doka a 2022 wadda ta ba tafkin haƙƙi irin na mutum, ta yadda kowa zai iya kai ƙara a madadinsa.

Don haka a ci gaba da neman tutar, domin tana tsare lafiyar mai wanka. Amma gwamnatin da ke son gaɓarta ta ɗore, dole ta sa ido kan gona da gini da magudana tun daga tudu, kafin ruwan ya iso teku.