Kan Namiji a Hannun Makitsiya

Tun da aka fara Makon Nunin Tufafi na Legas a shekarar 2011, makitsa suka sami sabuwar kafar neman abinci a bayan fage. Amma duk ranar da ɗayarsu ta fara gyara kan namiji, sai wasu daga cikinmu su ce ta shiga sharo ba shanu, wai kan namiji gadon wanzami ne.

To, muna tambaya: wanzamin da muka sani da aska da ƙaho da cire beli, yaushe ya koyi kitso? Bugu da ƙari, kitso ba baƙo ba ne ga namiji. Tun kaka da kakanni samarin Bororo da kitsonsu suke shiga Gerewol.

Mu dubi abin da ke gabanta. A shagonta takan yini a kan kai ɗaya. A can kuwa mintoci kaɗan gare ta, gashin gajere ne ba ya kamuwa, ga maɗinki yana ƙwala kira. In ta kuskure, kowa ya gani. In ta gwanance, maɗinki ake yi wa tafi. Wadda ta ci wannan jarrabawa, cikakken lada da ambaton suna ya kamata mu nema mata, ba gori ba.