Mai Binciken Kansa, Wa Ya Tambaya?

Akwai wani wa'azi da ya yi yawa a majami'u da tarurrukan matasa, har ya shiga ƙananan littattafan nan da ake sayarwa a bakin ƙofa bayan an tashi sujada. Cewa ake yi, in mai bi yana so ya yi girma cikin bangaskiya, sai ya keɓe kansa kowane dare, ya ɗauki alƙalami da takarda, ya binciki zuciyarsa: yau na yi addu'a? Sura nawa na karanta? Na yi fushi? Baƙar magana ta fita bakina? In ya ga lissafin yau ya fi na jiya kyau, shi ke nan, ya ci gaba. Ba mu ƙi a binciki zuciya ba, gama Manzo Bulus da kansa ya umurci mutanen Koranti su gwada kansu kafin su ci Jibin Ubangiji. Abin da muka ƙi shi ne a bar mutum ya zama shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne kuma alƙali, sa'an nan a kira hukuncin da ya yanka wa kansa sanin kai. Mun ce irin wannan bincike yakan yi ta farautar ƙananan laifofi, ya bar babban yana kwance lafiya shekara da shekaru. Muna kuwa da shaida wanda masu wannan wa'azi ba su da ikon ƙinsa, tun da waƙarsa suke rerawa.

Shaidan nan namu John Newton ne, Baturen Ingila, wanda ya tsara waƙar nan da ake kira Amazing Grace. An haife shi a Landan a 1725, ya fara bin ubansa cikin jirgin ruwa yana ɗan shekara 11, ya tashi tantiri mai saɓo, wanda ko matuƙan jirgi suna mamakin ƙazantar bakinsa. Har ya taɓa zama a wani ɗan tsibiri kusa da Saliyo, a hannun wani mai fataucin bayi, cikin yunwa da cuta da wulakanci, shi da bawa ba su da bambanci sai launin fata. A watan Maris na 1748, yana komawa gida cikin wani jirgi mai suna Greyhound, hadari ya taso musu a teku, jirgi ya tsage, ruwa yana shiga, sai ya yi kira ga Allah ya ji ƙansa. Suka tsira, suka sauka a ƙasar Ailan. Tun daga nan har mutuwarsa bai bar tuna ranan nan kowace shekara ba.

A nan masu ba da labarin nan kan mumbari sukan tsaya, jama'a su ce Amin. Mu ba za mu tsaya ba, don abin da ya biyo baya shi ne darasin. Bayan tsiran nan Newton ya koma cinikin bayi, da fari mataimakin shugaban jirgi, daga 1750 zuwa 1754 kuma shi ne shugaba. Sau uku ya tashi daga Libaful zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, ya sayi maza da mata da yara, ya ƙetare da su zuwa tsibiran Karibiyan ya sayar. A shekarun nan ya daina saɓo, yana karatun Littafi Mai Tsarki, yana tara ma'aikatan jirgi ran Lahadi ya yi musu sujada, yana kuma da littafin da yake rubuta halin ruhunsa a ciki, yana zargin kansa a kan sanyin addu'a da yawon tunani. Watau duk abin da masu wa'azinmu ke umurta, Newton ya yi shi da himma wadda kaɗan daga cikinmu za su iya. Amma cikin ɗaya littafin, na lissafin jirgi, bawan da ya mutu da lamba ake rubuta shi, ba suna. Da ya ji ƙishin-ƙishin bayi na shirin tawaye, ya sa aka matse wa waɗansu yara manyan yatsu da ƙarfe don su tona asirin. Hannu ɗaya ne ya rubuta littattafan nan biyu, na farko bai taɓa tuhumar na biyu ba.

Kada wani ya ce ai lamirinsa ne ya fitar da shi daga cinikin. Ciwo ne ya buge shi farat ɗaya a 1754 yana shirin tafiya ta huɗu, likita ya hana shi shiga teku. Aka ba shi aikin kwastan a Libaful, a 1764 aka naɗa shi limamin ikilisiya a garin Olney. A shekaran nan ya buga labarin rayuwarsa, inda ya nuna cewa sa'ad da yake cinikin bai taɓa shakkar halaccinsa ba, ya ɗauke shi rabon da Allah ya tsaga masa, sai dai aikin tsaron mutane da sarƙa da mari ya gundure shi, yana roƙon a sauya masa sana'a. Sai a 1788, shekara 34 bayan barin jirgi, shekara 40 bayan daren hadari, ya buga ɗan littafin da ya tona muguntar cinikin bayi, ya ce da hannunsa a ciki, ya kuma yarda furcin ya zo a makare. A 1790 ya ba da shaida gaban kwamitin majalisar dokoki. Ya rasu a Disamba 1807, 'yan watanni bayan Ingila ta haramta wa jiragenta cinikin.

To, jama'a, me ya makantar da mutum mai himma haka? Ba munafuki ba ne, da munafuki ne da zancen ya yi sauƙi. Dalilin a fili yake. Wanda ya zauna binciken kansa, shi ne ya tsara tambayoyin, kuma zuciya ba ta tsara tambayar da amsarta za ta taɓa tukunyar tuwo. Barin zagi bai rage wa Newton ko sisi ba, barin cinikin bayi kuwa zai raba shi da matsayi da abin riƙon gida, ga shi ya yi aure a 1750. Ban da haka, abin da maƙwabta duka ke yi ba ya shiga lissafin laifi, gama a Libaful ta zamanin nan masu jiragen bayi su ne manyan gari, su ne a sahun gaba cikin majami'a. Hausawa sun gama magana da suka ce gwano ba ya jin warin jikinsa. Kowane malamin makaranta ya sani, yaron da aka bari ya tsara wa kansa jarrabawa, ya amsa, ya kuma duba, ba ya faɗuwa, ba ya kuma koyon kome.

Mun san abin da za a mayar mana. Na farko za su ce, ai zamaninsa ne, ba wanda ya ga laifin abin a lokacin. Wannan ba gaskiya ba ne. Tun 1688 waɗansu Kirista na ƙungiyar Quaker a Germantown, ƙasar Amurka, suka rubuta takardar ƙin bauta. A 1754, shekarar da Newton ya bar teku, John Woolman ya buga littafinsa a kan laifin riƙon bayi. A 1774 John Wesley ya buga nasa, Newton kuwa ya ƙara shekara 14 kafin ya buga nasa. In ma mun bar waɗannan duka, akwai waɗanda suka san laifin abin sarai tun daren farko, su ne mutanen da ke kwance ƙarƙashin katakon da yake durƙusawa a kai. Tsakaninsa da su bai fi 'yan taku ba. Bai tambaye su ba, don bai lissafa su cikin waɗanda ake tambaya ba.

Na biyu za su ce, ai Newton da kansa ya faɗa daga baya cewa a 1748 bai riga ya zama cikakken mai bi ba. Mun ji. Amma a 1764 fa, sa'ad da ya zama mai kiwon ikilisiya? A 1773 fa, sa'ad da ya tsara waƙar da muke rerawa? Ko kuwa za a ce har sa'an nan bai tuba ba? Gaskiyar da ke da wuyar haɗiya ita ce, mutum ya iya tuba tuban gaske, ya yi wa'azi mai ceton rayuka, duk da haka wani sashe na rayuwarsa yana cikin duhu, bai kuwa sani ba. In haka ta faru ga Newton, wane ne a cikinmu zai ce takardarsa ta dare ta ishe shi?

Na uku za su kawo karin magana, su ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. I, in shi ke kwana a wurin. Amma in maigida yana bisa gado a gefen da ya bushe, yaron gida kuwa yana kan tabarma inda ruwa ke ɗiga, wa ya fi sanin yoyon? Laifofinmu masu nauyi galibi ba a kanmu suke zuba ba, a kan na ƙasa da mu suke zuba, shi ya sa ba mu jin sanyinsu.

Littafi Mai Tsarki kansa bai bar mutum da madubinsa shi kaɗai ba. Sarki Dawuda, mai zabura, wanda ya fi kowa iya zance da zuciyarsa, ya ɗauke matar Uriya, ya sa aka kashe mijin a bakin dāga, ya zauna abinsa har aka haifi yaron. Sai da Annabi Natan ya zo masa da labarin matalauci mai 'yar tunkiya ɗaya, ya sa shi ya dubi abin da idon wanda aka zalunta, sa'an nan ya gane kansa. Bafarisiyen nan na cikin Bisharar Luka, ai binciken kansa yake yi a Haikali, ya lissafa azuminsa da zakarsa, lissafin kuwa daidai ne, ya koma gida ba a karɓe shi ba. Ku duba kuma umurnin Almasihu cikin Matta sura 5 a kan mai kawo baiko bagade. Abin da aka ce ya tuna shi ne ko ɗan'uwansa yana da wata ƙara a kansa, in akwai ya bar baikon ya tafi su shirya tukuna. Ma'aunin yana hannun ɗan'uwan, ba a hannun mai baikon ba.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi. Wanda ke son ya san kansa, ya fara da inda tuwonsa ke fitowa, da mutanen da ba su da ikon ce masa a'a. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana aikin gida, 'ya'yan gida suna tafiya makaranta ita tana wanke-wanke, ƙarfe nawa take kwanciya, wa ke karɓar kuɗinta? Leburan da ya yi maka noma, ranar da ka ce za ka biya ita ka biya, ko sai da ya yi sawu uku a ƙofarka? Attaura ta ce a biya shi kafin rana ta faɗi, Yakubu kuma cikin wasiƙarsa ya ce ladan da aka danne yana kuka har gaban Ubangiji. Mudun da kake saye da shi, shi kake sayarwa da shi? Gonar ɗan'uwanka da ya rasu, a hannun matarsa da marayunsa take, ko a naka? Malami, darasi nawa ka bari ya wuce cikin watan nan, yara suna zaune, albashi kuwa ya shigo cif? Waɗannan tambayoyi suna da amsa da lamba da kwanan wata, ba su yarda a lulluɓe su da hawaye ba.

Za a ce na ƙasa ba zai faɗi gaskiya ba, tsoro zai hana shi. Haka ne, wannan tsoron ma shaida ne a kanka. In matarka ko yaron shagonka ba su iya gaya maka laifinka ba tare da fargaba ba, ka riga ka sami amsa ta farko. Sai ka nemi Natan naka, dattijo ko dattijuwa wanda ba ya cin abinka, ba ya kuma jin tsoronka, ka roƙe shi ya ji daga bakinsu ya kawo maka, ka kuma ɗaure wa kanka cewa wanda ya yi magana ba zai ga canjin fuska ba. In maganar ta zo, kada ka tsaya ga nadama. Zakka mai karɓar haraji bai ce zuciyarsa ta yi nauyi ba, ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya ƙware kuma zai mayar masa ninki huɗu, a nan ne Ubangiji ya ce ceto ya shigo gidan.

Masu tsoron kada mu mai da ceto abin saye da aiki, su kwantar da hankalinsu. Alheri kyauta ne, ba mu ce wani abu dabam ba. Sai dai alherin nan shi ne ke ba mutum ƙarfin halin jin mugun labari a kan kansa ba tare da ya karaya ba, gama wanda ya tabbata an gafarta masa ba shi da sauran dalilin ɓoyo, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Mai bi da ke gudun jin bakin bawansa, mu muna shakka ko ya gaskata gafarar da yake waƙa a kanta.

Muna girmama Newton, don a ƙarshe ya faɗi gaskiya da sunansa a kai, a lokacin da shiru zai fi masa daɗi, ya kuma ƙarfafa William Wilberforce ya zauna cikin majalisa ya yi yaƙin. Amma shekara 40 ba kaɗan ba ne, waɗanda aka rubuta da lamba kuma ba su ga ranar furcin ba. Masu wa'azi da masu rubuta ƙananan littattafai, muna roƙonku, in za ku ba jama'a takardar binciken kai, ku ƙara layi ɗaya a ƙasanta: wa ke ƙarƙashina, yaushe kuma na tambaye shi? Allah ya ba mu kunnen ji tun waɗanda za mu roƙa gafara suna da rai. Amin.