'Yan kasuwa, a duba kaurin tanda kafin a saro

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai masa da sassafe a kasuwar Konni ko ta Illela ya ga abin da nake nufi. Masar da ke ramukan tsakiyar tanda ta ƙone, ta gefe kuwa har yanzu ƙullu ce. Sai a ce matar ba ta iya ba, ko a ɗora wa gawayi laifi. Ni a ganina, rabin laifin na masu saro kayan ne.

Wuta ba ta dukan gindin tanda baki ɗaya. Wuri guda take duka, ƙarfen ne ke raba zafin zuwa gefe. Alminiyon ya fi baƙin ƙarfe na zubi saurin raba zafi kusan sau 4, ya kuma fi farin ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa fiye da sau 10. To amma fa sai da kauri. Alminiyon mai kaurin gwangwani ba shi da jikin da zai ɗauki zafin ya kai gefe, nan da nan tsakiya ta yi ja, bayan 'yan makonni gindin ya lanƙwashe. A kan murhun gas abin ya fi muni, don harshen wutar a ƙaramin zobe yake tsayawa. Tandar ƙasa ta iyayenmu tana jinkirin ɗaukar zafi, amma in ta ɗauka bisa garwashin da aka baje, ba ta saki da wuri. Haƙuri kawai take so.

Na san dalilin da ya sa ake son mara nauyi: kuɗin mota kaɗan, ga ƙyalli mai jawo ido. Sai dai mai masa ba sau ɗaya take ciniki ba. In ta yi asarar ƙullu da mai na sati guda, gobe rumfar maƙwabcinka za ta, ko ta tsallaka iyaka.

Gwajin ba shi da wuya, Alhaji. Ɗaga tandar ka ji nauyinta, ka aza ta bisa tebur ka ga ko tana rawa. In da hali, barbaɗa garin alkama a kanta bisa ƙaramar wuta. Inda ya fara yin ja shi kaɗai, nan ne masa za ta riƙa ƙonewa.

Sannan a tambayi maƙerin abin da ya narka. Wani bincike da aka buga a 2014 ya gano dalma a tukwanen alminiyon na zubi da ake yi da tarkacen ƙarafa a Kamaru, kuma ba mu manta da yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba. Maƙerin da ke haɗa tarkacen injin mota da gwangwani a tukunya guda, komai kaurin tandarsa, kada a saya.