Jirgin muke kewa, ba yaƙin ba



A shirinmu na matasa na daren Asabar mun taɓo zancen tsofaffin wasannin tele, ashe mun sosa wa mutane inda ke musu ƙaiƙayi. Waya ba ta huta ba har muka rufe. Wani ɗan uwa da ya kira daga Damagaram ya ce shi dai a dawo da Desert Strike yadda yake, a gyara hoton ya yi kamar fim, a sa shi a intanet kowa ya harbi kowa. Mutane da yawa sun bi bayansa. Lokaci ya ƙure mana a ranar, shi ya sa muka kawo amsarmu nan: ba mu yarda ba.

Kada a ce don ba mu san daɗin abin ba ne. Mu ma 'yan shagon ne. A farkon shekarun 2000, in an taso daga lakol, can muke tsayawa: tele guda, Sega guda, benci, da gurup yana ta ƙara a bayan shago. Dala biyar ka riƙe manet, wanda ba shi da ko dala ya tsaya a baya yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Kaset ɗin daga Kano ake kawo su, ta Daura da Kwangwalam. Rubutun duk Ingilishi, mu kuwa Faransanci muka karanta, sai dai mu yi ta lalube, wani lokaci mu jira wanda ya taɓa zama Kano ya fassara mana. Lambobin sirri na tsallake mataki kuwa a bayan kayen lissafi muke rubuta su, har mushe ya kama wasunmu.

Ga waɗanda ba su riski zamanin ba: kamfanin Electronic Arts na Amurka ne ya fitar da Desert Strike a 1992. Jungle Strike ya biyo a 1993, Urban Strike a 1994, sai Soviet Strike a 1996 da Nuclear Strike a 1997 a kan PlayStation. Na gaba da aka yi alkawari ya rikiɗe ya koma wani wasa daban, Future Cop, a 1998. Tun daga nan shiru. Kewar tana da dalili.

To amma me muke kewa takamaimai? Ku tuna da kyau. Wanda ya shiga wasan nan da harbi ba ji ba gani, minti kaɗan yake yi ya miƙa manet. Mai yana farawa daga 100 yana sauka, ko kana faɗa ko kana yawo. Manyan makamai takwas kacal gare ka. Dole ka buɗe taswira ka lissafa: gangar mai tana can, akwatin harsashi yana nan, in na ɗauke yanzu, anjima fa? Sannan ga mutanen da ake jira ka ceto. Ka tsaya daidai kansu, tsani ya sauka, su hau ɗaya-ɗaya, shida jirgin ke ɗauka. Sai ka kai su sansani lafiya sulken jirginka ke ƙaruwa. Wato wanda ka ceta shi ke ƙara maka kwana. Ihun da ya fi ƙarfi a shagon nan ba na fashewar tanka ba ne, na wanda ya sauke mutum shida mai ya rage masa 3 ne. Tun kafin nan ma, Choplifter na Dan Gorlin da ya fito a 1982, gaba ɗayansa ceto ne.

Matsala ta farko da abin da ɗan uwanmu ke nema ita ce ta aljihu. Kaset sau ɗaya ake saye, ya yi shekaru yana zagaya unguwa. Irin wasannin da suka cika wayoyi yau kyauta ake sauke su, amma in babu forfe babu wasa, in rezo ya yanke an kashe ka, kuma kullum da abin da za a tallata maka: sabuwar riga, sabuwar bindiga. Wanda ya biya ya fi wanda ya iya. Ku tambayi iyaye inda kuɗin aike da na kiredi ke shiga. In haka za a dawo mana da Strike, wallahi a bar shi inda yake.

Matsala ta biyu ta fi nauyi. Su wane ne a ƙasa? Desert Strike ya fito shekara guda bayan yaƙin Tekun Fasha na 1991, kuma mugun cikinsa, Janar Kilbaba, kowa ya san Saddam ake nufi. Tun a lokacin wasu a can ƙasashen Turai suka soki abin, suka ce ana cin kasuwa da yaƙin da jininsa bai bushe ba. Mu yara ne, ba ruwanmu. Ɗigo-ɗigo muke gani suna gudu cikin rairayi, muna dariya. Ba mu lura ba cewa rairayin irin namu ne, tantunan irin namu ne.

Yau ba mu da wannan uzurin. Hellfire da muke harbawa da yatsa makami ne na gaske, kuma irinsa jiragen Amurka marasa matuƙi ke ɗauka, irin waɗanda suka zauna a sansani na 201 a Agadas har sojojinsu suka fice a watan Agusta 2024. Sojojin Faransa sun riga su fita a Disamba 2023. A Diffa, a Tillaberi, a Zamfara da Katsina nan kusa da mu, ƙarar jirgi a sama ba wasa ba ce. To a ce an zo da hoto kamar fim, fuska sak, rawani sak, bukka sak, sannan a miƙa wa ɗanka manet ya yi ta ruwan wuta? Haba jama'a!

Za a ce ai wasa ne kawai. Mun ji. Ba mu ce manet na mai da yaro ɗan ta'adda ba, mu da muka yi shekaru muna bugawa ga mu nan lafiya lau. Abin da muke cewa shi ne wasa na koyar da ido: wa za a tausaya wa, wa kuma ba ya cikin lissafi. Dattijon da ya kira ya ce duk aikin banza ne, a rufe shagunan, Baba, da girmamawa, shi ma ba mu bi ka ba. A shagon nan wasunmu suka fara karanta taswira da tattalin abin hannu.

Ga abin da muke so. A bar jirgin, a bar lissafin mai, a bar taswira da tsani. A sa wasan ya yi aiki ba intanet, a ƙaramar waya, biya ɗaya, da Hausa da Faransanci. A canza aikin. Mu mutanen Kance mun san abin da hamada ke yi. A Oktoba 2013 mutum 92 ƙishirwa ta kashe tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, yawanci mata da yara, kuma da yawansu 'yan yankin nan ne. Allah ya jiƙansu. Mun san ruwa ma: damanar 2024 har tsohon masallacin Birni na Damagaram ta rusa. Wasan da za ka nemo motar da ta ɓace kafin ruwan jarka ya ƙare, ko ka kwashe mutane daga kan soro kafin gini ya zube, ka zaɓi wa za ka fara ɗauka cikin shida, wa ya ce ba zai sa zuciya bugawa ba? Ƙila ma yaron da ya buga shi ya yi tunani sau biyu ranar da aka ce ya hau motar arewa.

Kuma kada mu zauna jiran Amurka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mike Posehn da ya ƙera Desert Strike injiniya ne da bai taɓa yin wasan bidiyo ba kafin nan. A Yaounde, matasan Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016. Manhajar ƙera wasa irin Godot kyauta ake sauke ta. Ɗalibanmu na Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da ku masu gyaran waya da kwamfuta a bakin tasha, ƙalubale gare ku. Duk wanda ya fara, ko mataki ɗaya ne, ya zo da shi, makirufo a buɗe yake.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Gaskiya ne. Amma ba duk kayan bara ake dawowa da su ba, sai an tankaɗe.

Sai Asabar in Allah ya kai mu. Ɗan uwa na Damagaram, kai za mu fara ba layi.